Wai yawan matan da suka zo awo ma sirrin gwamnati ne?

Ummin Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, don Allah masu ilimin doka da waɗanda suka taɓa aikin gwamnati ku zo ku warware min. Ina digiri na biyu ne a ɓangaren lafiyar al'umma, bincikena akan matan da suke zuwa awon ciki a ƙananan asibitocin ƙaramar hukumarmu amma in haihuwa ta zo sai su haihu a gida. Abinda nake nema ba wani abu bane, yawan matan da suka yi awo duk wata daga 2019 zuwa 2023 da yawan waɗanda suka haihu a asibitin, gunduma gunduma. Wata uku kenan ina sintiri a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Na kai takarda daga makaranta akace darakta ya tafi taro, na koma akace takardar ta ɓata, na sake kaiwa na tsaya a kan masinja har ya buga mata hatimi, jiya kuma wani ya kalle ni ta saman tabarau yace "Hajiya wannan fa sirrin gwamnati ne, kuma yanzu akwai sabuwar dokar kare bayanai, in na baki ni za'a kama". Wai da gaske ne? Ni fa ba sunan kowa na nema ba.

Sarkin Shakka: Hhhh sirri wai. Ni da na cike fom ɗin wani tallafi ko sati ba'a yi ba masu bada bashi ta waya suka fara kirana da cikakken sunana har da unguwarmu. Tallafin kuwa har yau shiru. In ɗaliba ce ta zo sirri ne, in mai kuɗi ne ya zo an tura masa a filash.

Barista Na Fagge: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mutumin nan ya haɗa dokoki biyu ya dama su ya miƙo miki, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani sarai yana gudun aiki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, ta ba kowane mutum damar neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba dole ba ne ki faɗi dalilin da ya sa kike so. Kwana 7 suke da shi su amsa, in bayanin na da yawa za su iya ƙara wasu 7 amma sai sun sanar da ke a rubuce. In za su hana, su rubuta su faɗi sashen da suka dogara da shi. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana da tara ta naira 500,000 idan kotu ta tabbatar. Kuma dokar ta ce don an buga wa takarda hatimin sirri a ƙarƙashin tsohuwar dokar sirrin gwamnati ta 1962, wannan kaɗai bai isa hujjar hanawa ba.

Ɗayar kuma dokar kare bayanai ce ta 2023 da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Abin da take karewa shi ne bayanin da ke nuna wani mutum takamaimai, sunansa, lambar wayarsa, NIN ɗinsa, ciwon da ke damunsa. "Mata 212 sun zo awo a watan Maris" bai nuna kowa ba. Babu ruwan wannan dokar da shi.

Ummin Sadiq: Barista Allah ya saka da alheri, wlh har na ji sanyi. To amma takardar da na kai ban ambaci wata doka ba, takardar gabatarwa ce kawai daga sashenmu.

Barista Na Fagge: Nan ne matsalar. Takardar gabatarwa roƙo ce, in sun ga dama su taimaka. Takardar da ta ambaci dokar 2011 agogo take kunnawa.

Mai Kati: Ni dai bari na ɗan kare 'yan uwana ma'aikata don na ga an fara jifansu. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin kati a wani asibiti. Ku san yadda rajistar awo take, wani ƙaton littafi ne mai faɗi, layi ɗaya mace ɗaya, sunanta, sunan mijinta, unguwa, lambar waya, cikin na nawa ne, ɓari nawa ta yi, sannan can gefe ga gurbin sakamakon gwajin jini har da na ƙanjamau. Ɗalibai suna zuwa da takarda irin taki suce adadi kawai suke so, kana juya baya sun ciro waya sun ɗauki hoton shafi goma don ba za su iya zama su ƙirga ba. Akwai wanda na kama da hannuna na sa shi ya goge a gabana, yana ta min magiya wai sufabaizonsa ne ya matsa masa. Yanzu wannan hoton in ya shiga wani guruf, a unguwa aka ga sunan matar wane da alamar da ke gabansa, aurenta ya mutu fa, kuma ni za'a tambaya. To shiyasa wasu da sun ji kalmar bincike sai su rufe ƙofa gaba ɗaya, ba su tsaya bambancewa.

Ummin Sadiq: Anti na fahimce ki kuma wlh ni ko littafin bana son gani.

Mai Kati: Ai ma ba kya buƙatarsa. Duk ƙarshen wata muna cike fom ɗin taƙaitawa, adadi zalla babu suna, a kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma shi kuma ya shigar a DHIS2, manhajar da ake tara alƙaluman asibitoci a cikinta. Abinda kike nema yana cikin kwamfutarsa yanzu haka, minti goma ya ishe shi. Ki daina cewa "bayanan mata masu ciki", da sun ji haka hankalinsu rajista yake tafiya. Kice taƙaitaccen rahoton wata wata.

Ɗan Kurna: Barista amma na taɓa ji ance dokar nan ta tarayya ce kawai, jihohi sai wadda ta ga dama ta yi tata. Wani abokina ɗan jarida haka aka amsa masa.

Barista Na Fagge: An daɗe ana wannan jayayyar, har kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa wa juna a kai. Amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, wasu 'yan ƙungiyar farar hula ne suka nemi bayanan hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar aka hana su, kotu ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Shekaru sama da goma ana wannan shari'ar. Abokinka ya sake rubutawa.

Sarkin Shakka: Shekara goma! To Ummin Sadiq sai ki shirya, Sadiq ne zai karɓo miki sakamakon in ya gama jami'a 😂

Baba Mai Fansho: Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta min, idona ya yi rauni. Na yi aikin ƙididdiga shekara talatin da biyar, na fita ƙidayar 1991 na kuma fita ta 2006. 'Yata Ummin Sadiq, haƙƙinki ne a ba ki, wannan babu gardama. Amma ina so yaran nan masu dariyar kalmar sirri su san daga ina ta fito. Kafin a ba mu fom sai mun yi rantsuwa cewa abin da mutum ya faɗa mana ba zai je kunnen kowa da sunansa ba, ko hakimi, ko ɗan sanda, ko mai karɓar haraji. A 1991 na shiga wata ruga, dattijon ya ce min 'ya'yansa uku. Ina zaune a kan tabarma ina jin motsi a bayan zana, na ƙirga ƙafafu sun fi na mutum uku nesa ba kusa ba. Ban ce masa ƙarya yake ba. Shi abin da ya sani tun zamanin iyayensa, in baƙo ya zo da littafi yana ƙirga kawuna to haraji ne ke tafe, in shanu ya ƙirga jangali ne. Sai da na sha nono na zauna har la'asar, na rantse masa cewa takardar nan ba ta zuwa wurin dagaci, sannan ya kira su ɗaya bayan ɗaya, su tara. Ranar da mutane suka tabbatar abin da suka gaya wa ma'aikacin ƙididdiga zai dawo ya cije su, daga ranar duk alƙaluman ƙasar nan sun zama shara. Dokar ƙididdiga ta 2007 da ta kafa hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, a kan wannan ta tsaya: kai dole ka amsa tambaya, su kuma dole su rufa maka asiri, abin da za su fitar jimla ce.

Ummin Sadiq: Allah ya ƙara lafiya Baba, mun gode. Su tara 😭

Ɗan Kurna: Baba Allah ya ja kwana, to wai me yasa a 2006 ba'a tambayi addini da ƙabila ba?

Baba Mai Fansho: Gudun fitina ɗana. Ka san ta 1962 soke ta aka yi aka sake a 1963, ta 1973 ma soke ta aka yi. Ƙidaya a ƙasar nan rabon kujeru ce da rabon kuɗi. Ko ba addini a fom, da aka ce Kano miliyan 9.4 Legas miliyan 9.1 ai ka ji abin da ya biyo baya. Jimlar ƙasa miliyan 140 da ɗoriya. Tun daga nan ba a sake ba, ta 2023 an shirya har an horar da yara aka ɗage ana saura 'yan kwanaki. Duk adadin da kake ji yanzu hasashe ne a kan ta 2006.

Dakta Zazzau: Na biyo zaren tun daga sama. Ina so in ɗan taka wa Barista birki a wuri ɗaya, ba wai ya yi kuskure ba. Cewa "babu suna, saboda haka babu matsala" ba kullum yake gaskiya ba, kuma mu masu koyar da bincike mu ne ya kamata mu fi kowa faɗin haka. Ummin Sadiq, a ce kin samu teburin, kin ce a raba miki shi gunduma gunduma, wata wata, sannan kika ƙara da shekarun uwa da yadda haihuwar ta ƙare. Sai ga wani gurbi: gunduma kaza, watan Yuli, mace ɗaya mai shekara 15, jariri bai zo da rai ba. Babu suna. Amma duk wanda ke ƙauyen ya san wace ce, har mai shayin bakin kasuwa. A Amurka wata mai bincike Latanya Sweeney ta nuna haka tun shekarun 1990, an fitar da bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Masacusets an cire sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jihar da kansa. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a gane kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa. Shi ya sa masu binciken NDHS, wato binciken yawan jama'a da lafiyarsu wanda hukumar ƙidaya ta ƙasa ke yi, in za su ba ka wurin da aka yi tambayoyi a taswira sai sun gusar da shi da gangan, a birni har kilomita 2, a karkara har kilomita 5, 'yan kaɗan ma har 10. Kana iya nazarin yanki amma ba za ka iya zuwa ƙofar gidan ba.

Barista Na Fagge: Na karɓa Dakta. Dokar 2023 ma cewa ta yi mutumin da za a iya ganewa kai tsaye ko ta wata hanya, kuma bayanin lafiya yana cikin rukunin da ta fi tsanantawa, tare da addini da ƙabila da zanen yatsa. Sai dai maganin ƙaramin gurbi shi ne a haɗe shi da na kusa ko a rufe shi, ba a hana teburin duka ba. Dokar 2011 ta ce in wani ɓangare na takarda ne ba ya fituwa, a cire shi a ba da sauran.

Sarkin Shakka: Ni duk wannan turancin bai dame ni ba, tambayata ita ce alƙaluman ma gaskiya ne? Hukumar NBS da tace mana rashin aikin yi kashi 33.3 ne sannan muka wayi gari tace 4.1 ne, a ƙasar nan da nake ciki, a majalisarmu mu goma sha biyu mutum uku ne ke da aiki. Haka hauhawar farashi, Disambar 2024 ance 34.8, Janairu ance 24 da ɗigo, ni kuma kwanon shinkafa bai ji wannan labarin ba. In ma sun baki Hajiya, abinda suka dafa ne za su zuba miki.

Dakta Zazzau: Malam Sarki ba dafawa aka yi ba, ma'auni aka canza, kuma sun faɗa a fili. A tsohon tsari in kana aiki ƙasa da awa 20 a sati ana sa ka cikin marasa aiki, shi ya ba da 33.3 a ƙarshen 2020. A sabon tsarin da suka fara fitarwa a 2023 sun bi na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ko awa 1 ka yi a sati kana neman kuɗi kai mai aiki ne. 'Yan majalisarku tara ɗin nan, wanda ke sayar da data a waya da wanda ke ɗan taya yayansa zaman shago duk sun koma masu aiki. Kana iya cewa ma'aunin bai dace da mu ba, ni ma ina da ja a kai, har tsohon shugaban hukumar Yemi Kale ya nuna rashin gamsuwarsa. Amma ka ga abin da ya sa maganar Ummin Sadiq ta fi ƙarfin digirinta: in ɗanyen bayanan suna hannun masu bincike, ni zan iya zama in sake lissafin da awa 20 in gaya maka abin da ya fito. In an kulle su, sai dai ka yarda ko ka yi zagi, babu na uku.

Sarkin Shakka: To ni na zaɓi zagi.

Admin: Malam Sarki a yi haƙuri, ban da zagi a gidan nan 🙏

Dakta Zazzau: Kuma a yi wa NBS adalci, suna da rumbu a shafinsu inda ake sauke ɗanyen bayanan wasu bincike bayan an cire sunaye, irin binciken gidaje da suke yi da Bankin Duniya tun 2010, ana komawa gidaje ɗaya bayan 'yan shekaru. Ɗalibaina da yawa da shi suka rubuta kundinsu ba su roƙi kowa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayanan da ma'aikatu ke tarawa a aikinsu na yau da kullum, rajistar asibiti, ta makaranta, ta haihuwa da mutuwa, ta masu karɓar tallafi. Nan ne zinariyar take kuma nan ne babu tsayayyar hanya. Dokar 2011 ta ba ka jimla, dokar 2023 ta kare mutum, amma mai binciken da aikinsa ke buƙatar layi layi, misali ya bi mace ɗaya daga awon farko har haihuwa, wa zai tantance shi, a ina zai zauna ya duba, wa zai duba abin da zai fita da shi? Yanzu abin ya dogara ne da wa ka sani. Lokacin da nake karatu a Ingila, dokarsu ta 2017 ta tsara wannan: sai an horar da kai an ba ka shaidar amintaccen mai bincike, a amince da aikin, sannan ka shiga wani keɓaɓɓen tsari na hukumar ƙididdigarsu, ba ka sauke komai, in ka gama teburinka ma'aikaci ya duba ya tabbatar babu ƙaramin gurbi kafin ya sake maka. Wahala ce, na yi wata huɗu ina jira, amma na san layin da nake bi kuma ban gaida kowa da goro ba.

Zango Kumasi: Salam 'yan uwa, daga Gana nake bin ku. Mu nan lokacin korona a 2020 hukumar ƙididdiga ta yi aiki da kamfanin waya na Vodafone da wata ƙungiya Flowminder don a ga ko mutane sun rage yawo bayan an kulle Ankara (Accra) da Kumasi. Bayanan kiran waya ba su bar hannun kamfanin ba, a can aka yi lissafin, jimla kawai ta fito. An yi yarjejeniya a rubuce tun kafin cutar ta zo shi ya sa abin ya yi sauri. Dokar kare bayananmu tun 2012 take, ta neman bayani kuma sai 2019 bayan an kusa shekara ashirin ana jan ƙafa. Amma kar ku ɗauka aljanna ce, nan ma in ka je ofis za a ce maka oga ya fita.

Ɗan Maraɗi: Mu ma a Nijar akwai INS mai ƙididdiga a Yamai, akwai kuma hukumar kare bayanai HAPDP. Ƙidayarmu ta 2012 ta ba da miliyan 17 da 'yan kai. Abin da ni ke ba ni haushi, sau da yawa ɗalibi a nan ya fi saurin samun bayanan ƙasarsa a shafin wata ƙungiyar waje da ya same su a ma'aikatar da ke bayan gidansu.

Dakta Zazzau: Wannan ciwon namu ne duka. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, shirin DHS, wanda binciken NDHS ke ƙarƙashinsa, ya tsaya cak, masu bincike a Afirka suka shiga tura wa juna fayil a ɓoye kamar masu fasa ƙwauri, alhali matanmu aka yi wa tambayoyin, ma'aikatanmu suka shiga rana. Adadin da kowa ke ambata na mata 512 da ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000, da cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai ke haihuwa a asibiti, duk daga NDHS ta 2018 suke.

Maman Khalifa: Ni ba 'yar boko bace sosai amma ina da tambaya kuma kar a ji haushi. Duk kuna ta maganar haƙƙin mai bincike da haƙƙin gwamnati, ita matar da aka rubuta a littafin fa? Ni na je awo sau biyar a rayuwata ba wanda ya taɓa ce min abinda na faɗa zai je wata kwamfuta a Abuja balle wani ɗalibi ya samu digiri da shi. Mu nan Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau da Pfizer suka gwada magani akan yara kusan 200, iyaye suka ce ba'a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jiha. Bayan nan ai kun ga yadda allurar shan inna ta sha wahala a 2003. In an ce bincike gabanmu faɗuwa yake.

Ummin Sadiq: Maman Khalifa wlh tambayarki ta fi tawa nauyi. Ni kaina sau uku ina cikin irin littafin nan.

Barista Na Fagge: Hajiya, ba a jin haushin irin wannan. Gwajin magani a jikin mutum dole sai da yardarsa, babu wata hanya. Ƙirga abin da aka riga aka rubuta kuma doka ta sassauta, don in aka ce sai an koma an nemi kowace mace cikin dubu hamsin to ba za a taɓa sanin ko asibitin na aiki ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci amana ne, ta kuma sa kwamitin ɗa'ar bincike a tsakani. Amma abin da kika faɗa na cewa ba a taɓa gaya miki ba, a nan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari, dokar 2023 ta wajabta a sanar da mutum me za a yi da bayaninsa, da harshen da zai gane. Takarda ɗaya da Hausa a bangon ɗakin awo ta isa ta fara.

Mai Kati: Bangon namu duk fastocin ƙungiyoyi ne da turanci, ko ni wasu ban san me suke cewa ba.

Ɗan Kurna: Ni tsorona kar garin gyara a yi irin ta Tanzaniya, da suka gyara dokar ƙididdigarsu a 2018 ya zama laifi ka fito ka ƙaryata alƙaluman gwamnati, sai da Bankin Duniya ya riƙe musu kuɗi suka janye a 2019. In 'yan majalisarmu suka ce za su taɓa dokar 2007 wlh sai an sa ido, da Sarkin Shakka za'a fara.

Sarkin Shakka: Ku kawo min tuwo gidan yari kawai.

Barista Na Fagge: Ummin Sadiq ga abin da za ki yi. Takarda shafi ɗaya zuwa ga shugaban hukumar, a sama ki rubuta cewa buƙata ce a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ki faɗi abin da kike so da sunan da Anti Mai Kati ta ba ki, ki sa shekarun, ki ƙara layi ɗaya cewa ba kya neman suna ko lambar kowa kuma kin yarda a haɗe duk gurbin da bai kai mutum 5 ba. Ki liƙa takardar kwamitin ɗa'a na makarantarku, dokar ba ta ce dole ba amma tana kwantar wa ma'aikaci da hankali. Kwafi biyu, a buga wa naki hatimi da kwanan wata. Kuɗin da za su iya karɓa na kwafi ne kawai. In kwana 7 suka wuce shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin hanawa, kina da kwana 30 ki je kotu, amma ki fara kirana kafin nan, sau da yawa takarda ta biyu mai hatimin lauya tana isa. Kuma ki gaya wa mai tabarau cikin ladabi cewa dokar ta kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, ba mai kama shi.

Ummin Sadiq: Jama'a na dawo da labari, yau kwana goma sha biyu. Na kai takardar kamar yadda Barista yace, a kwana na tara aka kira ni, mai tabarau ɗin ne da kansa ya raka ni wurin jami'in, har da "ai da kin faɗa tun farko rahoton wata kike so". An bani 2021 zuwa 2023 cif. Na 2019 da 2020 kuma gunduma huɗu babu komai, wai ba'a shigar ba a lokacin kuma fom ɗin takardar suna wani sito da rufinsa ya yi yoyo. Sannan akwai wani asibiti da wata uku a jere adadin awonsu 150, 150, 150, ko ɗaya bai ƙaru ba bai ragu ba. Dakta ya zan yi da wannan?

Mai Kati: Hmm. Wata ukun nan ki duba ko lokacin mai cike fom ɗin ta tafi hutun haihuwa ne wani ya riƙe mata.

Dakta Zazzau: Kar ki goge kuma kar ki gyara. Ki bar su yadda suke, ki yi lissafin sau biyu, da asibitin da kuma ba shi, ki rubuta duka a babi na huɗu. Gunduma huɗun kuma ki koma ki tambaya ko asibitocin suna da nasu kwafin fom ɗin, yawanci akwai na kabon da ke zama a wurinsu.

Ummin Sadiq: To sai na sake rubuta wata takardar kenan ko wannan ta farkon ta isa?

Barista Na Fagge: Sabuwa, kowane asibiti da tasa, ki sa kwafin ta farkon a baya. Turo min ta inbos in duba kafin ki buga.